Fiton Motar Gyang

Tun da aka binne Gyang, mahaifiyarsa Loyis ba ta iya cin abincin yamma sai ta ji motarsa ta shigo gida. Ba hankalinta ne ya taɓu ba, ko da yake wasu matan Anguwan Rukuba sun so su ce hakan. Ta san ɗanta ya mutu. Da hannunta ta shafa fuskarsa a gadon asibiti, ita ce ma ta ce a ja masa zane. Abin da ya faru shi ne ciwon suga ya riga ya cinye mata ido tun kafin rasuwar, duniyarta duk ta koma kunne, kunnen kuwa ya ƙi haƙura. In yamma ta yi ba ta ji motar ba, sai maƙogwaronta ya rufe, ko ruwan gwate ba ya wucewa. A watannin farko ta rame har zaninta na Zumuntar Matan coci yana zagaye ta kusan sau biyu.

Mijinta Fredrick ne ya gano maganin, kuma ba da wata dabara tasa ba. Wata yamma ya tayar da motar don kada batir ya mutu, ya gangara da ita Tina Junction, ya juyo. Yana shigowa ya tarar da Loyis a bakin ƙofa, ta kafa kunne, hawaye na zuba, amma fuskarta a sake. Da ya kashe inji ta ce a miƙo mata kwanon nan. Ta cinye tas. Daga ranar abin ya zame masa aiki. Kullum in rana ta sunkuya sai ya ɗauki makulli, ya gangara, ya zaga ta gaban masu gasa masara, ya hawo tudun nan mai ramuka, ya shigo gida. Ita kuma ta ci abincinta. Da haka ya riƙe ranta kusan shekara guda, kuma ya san da haka yake riƙe da shi.

Fredrick tsohon malamin makaranta ne, irin mutanen nan da in suka je baƙunta suka ga hoto ya karkace a bango, ba za su iya shan ruwa ba sai sun tashi sun daidaita shi. Yana son matarsa ƙwarai, amma bai iya tambaya ba. Ya ga mota tana sa ta ci abinci, ya gode wa Allah, ya tsaya a nan. Bai taɓa zama kusa da ita ya ce, me kike ji a ciki ba. A kunnensa mota mota ce, wannan kuwa tsohuwar 'yar Beljiyam ce baƙa, mai hayaniya kamar sauran.

Da aka fara maganar sujadar cika shekara a coci, sai ya shiga ɗakin Gyang don ya nemo hoton da za a buga. A ƙarƙashin gado ya ci karo da wani kwali. Ya jawo ya buɗe, ya ga bututan ƙarfe masu sheƙi, an naɗe kowanne da tsohuwar riga. Wani miƙaƙƙe, wani a lanƙwashe kamar gwiwar hannu, ga wata matatar iska ja mai siffar mazurari, ga kilif-kilif a leda. Ya gane su. Gyang da abokansa suna da wata al'ada, ranar Lahadi da yamma su jera motocinsu a fili, kowa ya ɗaga bonet, a yi ta leƙe ana musu a kan injin wa ya fi kyau. Suna cire baƙar robar da iska ke bi ta shiga inji, su sa ta ƙarfe mai walƙiya, su goge komai har mutum ya ga fuskarsa. Fredrick ya daɗe yana kiran wannan shirme. Wa ke yin ado a inda ake rufewa? Amma a ranar, zaune a bakin gadon ɗansa da bututu a cinya, ba shirmen ya gani ba. Aikin da ba a gama ba ya gani. Yaron ya tara kayansa ɗaya bayan ɗaya, ya adana, zazzaɓi ya zo ya ɗauke shi bai ga ranar sa su ba. Abin ya tsaya wa Fredrick a ƙirji, ya kasa barci a kansa.

Ya ƙudura zai gama wa ɗansa aikin kafin ranar sujada. Abokan Gyang za su zo, a ɗaga bonet a tsakar gida, su ga burin abokinsu ya cika. Loyis kuwa bai gaya mata ba. Yana so ya kama hannunta ya ɗora a kan ƙarfen, ya ce ga abin da ɗanki ya so. Mutum mai ido ne ya zauna ya shirya wa marar ido kyauta, kuma har ga Allah yana ganin ya yi tunani mai kyau.

Wanda ya san kan kayan shi ne Mahdi, abokin Gyang, mai aikin salansa da walda a wajen Naraguta. Tun rikicin da ya raba garin, Fredrick ya daɗe rabonsa da wannan ɓangaren, kamar yadda mutanen can suka daɗe rabonsu da nasa. Amma bai manta ba, ranar jana'iza Mahdi ya zo, ya tsaya a bakin coci cikin ruwan sama har aka fito da akwati. Don haka da safe ya sa kwalin a but, ya ce wa Loyis zai kai mota a duba mai, ya kama hanya.

Da Mahdi ya ga kwalin sai ya juya baya, ya daɗe yana share ido da gefen rigar aikinsa. Ya ce tare suka auna bututan nan da Gyang, shi ya lanƙwasa biyu daga ciki da hannunsa. Ya ce ya yi ta matsa masa a sa su, Gyang kullum sai ya ce a bari damina ta wuce, damina ta wuce ya ce a bari ya ƙara tara kaya. Maganar biyan aiki ma Mahdi ya ce kada a fara ta.

Ya wanke injin da kananzir da buroshi, ya bi kowane lungu. Sannan ya kwance baƙin akwatin iyakilina mai tace iska, ya zare tsohon tiyon roba mai zobe-zobe da ke haɗa shi da inji. Ya ɗaga shi ya nuna wa Fredrick wata 'yar tsaga a cikin lanƙwasar, an taɓa naɗe ta da baƙin tef, zafi ya ɗaga tef ɗin ya bar ta a buɗe.

"Baba, dubi abin da yaronka yake yawo da shi," in ji Mahdi, yana dariya da jajayen idanu. "Mai son kwalliya kamar Gyang. Na ce masa kunya ce wannan, sai ya yi ta yi mini dariya."

Abu ɗaya ne babu a kwalin, guntayen robar da ake haɗa bakin bututu da bakin bututu. Mahdi bai ko damu ba. A layinsu ba mai sayen wannan. Tsohon tiyon da aka cire shi ake yankawa zobe-zobe a yi haɗin da shi, ya fi sabon kama ƙarfe, kuma ba a yi asarar komai ba. Ya ce Baba ya riƙe masa gefe ɗaya. Fredrick ya tattare hannun rigarsa ya riƙe da kyau, har yana jin daɗin an sa shi cikin aikin. Wuƙa ta bi ta kan robar, ta ratsa daidai tsakiyar tsagar nan, ta wuce. Aka ɗauki zobba masu kyau, ragowar Mahdi ya cilla cikin wutar sharar da ke ci a bayan gareji.

Aiki ya yi kyau, wannan ba a musu. Bututun ya taso daga bakin inji, ya lanƙwasa, ya gangara ya ƙare a jar matatar nan kusa da fitila. Maƙwabtan gareji suka taru suna leƙe, wani ya ciro waya yana ɗaukar hoto. Da aka tayar, Mahdi ya ja totur da hannu, injin ya shaƙi iska da wani gurnani mai kauri, mai cika ƙirji. Kowa ya ce yanzu ta zama mota. Fredrick ya ga fuskarsa a jikin ƙarfen, ta miƙe ta yi tsawo, tana murmushi. Rabonsa da farin ciki irin wannan tun Gyang yana da rai.

Ya baro Naraguta da la'asar ana yayyafi. Da gangan ya ƙi bin gajeriyar hanya, ya zaga ta Tina Junction don ya shigo ta inda ya saba. Ya hawo tudu, ya sha kwana, ya shigo gida. Loyis tana bakin ƙofa da rigar sanyi, kwanonta a rufe a gefenta. Ya kashe inji, ya zauna yana jiran ta miƙa hannu ga kwanon. Ba ta miƙa ba. Ta gyara ɗankwali, ta yi murmushin da ake yi wa baƙo.

"Sannunku da zuwa," ta ce. "Don Allah ku ɗan matsar da motar gefe, maigidan yana hanya, nan yake ajiye tasa."

Fredrick ya buɗe ƙofar motar. Ya fito ya ce shi ne, Maman Gyang, motar ce dai. Ya shiga yi mata bayani da sauri-sauri, kwalin da ya gani, da Mahdi, da yadda mutane suka taru suna yabo. Ya kamo hannunta ya jawo ta gaban motar, ya ɗaga bonet, ya ɗora tafinta a kan bututun. Ta bi shi da yatsu a hankali tun daga sama har ƙasa, ta taɓa kilif, ta taɓa zoben roba. Ta ce yana da santsi. Ta ce lalle zai yi kyau a ido. Sannan ta tambaye shi ina fiton.

Bai san wane fito ba. Sai a lokacin, tsaye cikin yayyafi, ya ji abin da ya kamata ya tambaya tun bara. Ta ce in motar ta kamo tudu aka sauya giya, tana yin wani siririn fito, ya ɗan hau sama ya karye, kamar yaro yana kiran abokinsa ta bayan katanga. Motoci nawa ne ke bin hanyar nan, amma ba mai yin sa sai ta Gyang. Da shi take sanin ya kusa tun bai iso ba, ta tashi ta ɗumama masa abinci. Bayan ya rasu kuma, ɗan lokacin nan tsakanin fiton da buɗe ƙofar mota, shi ne kaɗai lokacin da ƙirjinta ke sakinta har abinci ya sami hanya.

"Ai ya nuna mini ƙarafan nan ranar da ya kawo su," ta ce. "Ya ce in ya sa, fiton zai tafi. Na ce to ni da me zan san ka dawo? Shi ne ya tura su ƙarƙashin gado. Ni na hana shi, Baban Gyang."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma zarge shi ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta lalubi bango ta koma ciki. Kwanon yana nan a bakin ƙofa har ya ɗauke shi da kansa.

Washegari tun garejin bai gama buɗewa ba Fredrick yana Naraguta. Da Mahdi ya ji labari sai ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya riƙe kai. Ashe duk damina da ƙarin kayan da Gyang ke ta ambata, kunya ce kawai, ba ya so abokai su ji uwarsa ce ta hana shi. Suka je bayan gareji suka tona tokar da sanda, ba su sami komai ba sai wani dunƙulen baƙin abu mai wari. Zobban da ke jikin bututu kuwa, tsagar ta rabu biyu a tsakaninsu, ba gam ɗin da zai mayar da ita yadda take.

Mahdi ya ce kada Baba ya damu, irin motar ta cika gari. Suka shiga wajen masu sayar da kayan Beljiyam suka samo tiyo iri ɗaya sak. Aka kwance bututan ƙarfen da aka sha yabo a kansu jiya, aka mayar cikin kwali, aka ɗaura baƙin akwati da sabon tiyo. Mota ta koma yadda take, sai dai lafiyayyen tiyo ba ya fito. Mahdi ya ɗauki reza ya tsaga shi a cikin lanƙwasar, inda yake tuna tsohuwar tsagar take. Ya ja totur. Wani siririn sauti ya fito. Suka dubi juna, Fredrick har ya ce sun gode Allah.

Da yamma ya hawo tudu ya sauya giya, a karon farko ya ji fito a kan tudun da kunnensa. Ya shigo. Loyis ta girgiza kai. Ta ce wannan ya yi kaifi, na Gyang yana da ɗan kauri a farko. Washegari Mahdi ya ƙara tsawon tsagar. Ta ce yanzu kuma ya yi kamar butar shayi. Aka naɗa tef aka ɗaga gefe ɗaya, aka gasa robar da wuta don ta yi taurin tsufa, aka lalata wannan tiyon aka nemo wani. Kowace yamma Fredrick ya hawo da sabon fito, kowace yamma ta saurara da dukan ƙarfinta, ta ce a'a. Shi a kunnensa duk ɗaya ne, wannan ne ya fi ƙona masa rai. Yana neman abin da ya yi shekara yana tuƙawa a gabansa, bai taɓa jin sa ba.

Loyis tana ƙoƙari. Tana kai loma baki don kada ya damu, ta yi ta juya ta, daga baya ta tofar a hannu a ɓoye, ta manta shi yana gani. Shayi kawai ke shiga, shi ma rabin kofi. Mai ciwon suga kuwa ba ya wasa da yunwa. Ranar sujadar cika shekara sai da mata biyu suka riƙe ta zuwa kujerarta. Abokan Gyang suka zo gida bayan an tashi, sun ji labarin bututu, suna so a ɗaga bonet. Fredrick ya ce musu wani lokaci.

Bayan sujadar Mahdi ya zo gidan da kansa, da reza da tef a aljihu. Ya durƙusa gaban Loyis ya gaishe ta, ya ba ta haƙuri, ta ce ba laifinsa, ai ƙaunar abokinsa ce ta sa shi. Sannan ya kawo shawarar da yake ganin za ta warware komai.

"Mama, ki yi mini shi da baki. In na ji sau ɗaya, zan fitar miki da shi."

Loyis ta yarda. Ta tattara leɓenta ta yi wani ɗan fito, ya hau ya karye. Mahdi ya ce ta sake. Ta sake, amma na biyun bai yi kama da na farko ba, har Fredrick ya ji bambancin. Ta tsaya. Ta ce a'a, ba haka ba, bari dai. Ta yi na uku, ya fito kamar wanda suka kawo mata shekaranjiya. Ta bar bakinta a ɗan buɗe, kanta a karkace kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Fredrick ya ga tsoro ya sauka a fuskarta, irin wanda bai gani ba ko a asibiti. Mahdi ya daɗe a durƙushe, daga baya ya yi sallama a hankali ya tafi, ya ce zai dawo da wani tiyon.

Da rana ta sunkuya Fredrick ya ɗauki makulli kamar kullum. Ƙarar makullin kawai ta ji ta kira shi.

"Baban Gyang, kada ka tayar da ita."

Ya ce Mahdi ya ce saura kaɗan, jiya ma ita da kanta ta ce an kusa.

"Ranar da ka kawo ta da ƙarfe, in na zauna shiru ina jin nasa a kaina, tsaf. Yanzu kun cika mini kai da naku. Na nema ɗazu, ban san wanne ne nasa ba." Ta miƙo hannu ta lalubi gefen rigarsa ta riƙe. "Na roƙe ka. Ka bar mini ɗan abin da ya rage."

Ya tsaya da makulli a hannu. Ya san in ya tafi zai ƙara goge mata ɗanta, in ya zauna kuma ba shi da wani abin da zai sa ta ci. Duk tsawon zamansu bai taɓa jin ya kasa mata irin na yau ba, baƙin ciki ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce to abincin fa? Ta ce ya ajiye, za ta gwada.

Ya ajiye makullin a kan taga, ya jawo benci ya zauna kusa da ita, ya buɗe kwanon ya sa mata a cinya. Ta gutsuri tuwon acha ta riƙe. A can ƙasa motoci suna ta kamo tudu suna sauya giya, masu komawa gida daga aiki, ba wadda ta juya kai dominta. Fredrick ya zuba wa hannunta ido yana jira ya tashi zuwa baki, har tururin miyar ya daina fita.